Kafin A Koya Wa Yaranmu Harbi A Jos

Bayan sallar isha'i muka zauna a ƙofar gidan Mai unguwa, wasu kan benci wasu kan tabarma, sanyin Disamba ya sa kowa ya cusa hannu a hammata. Taron wata-wata ne na kwamitin 'yan sintirin unguwarmu. Shekara shida ke nan ina riƙe musu littafi: gidan da ya biya kuɗin sintiri, gidan da ya ce a dawo gobe, batirin tocila nawa aka saya, wane yaro ne ya kwana a bakin layi, wane ne bai fito ba. An gama lissafi har an fara haramar tashi, sai wani dattijo a cikinmu da muke kira Baba, tsohon soja da ya yi yaƙin Laberiya, ya yi gyaran murya.

"Allah ya ja da ran Mai unguwa, ina da magana," in ji shi. "Yaran nan gora da usur muke ba su, muna tura su gaban mai bindiga. Sadaka kawai muke yi da 'ya'yan mutane. A ba ni ashirin daga cikinsu, Asabar huɗu kacal, mu fita bayan duwatsu. In koya musu kwance bindiga da haɗa ta, in koya musu saiti, in koya musu yadda ake zubewa ƙasa idan aka buɗe wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Wuri ya yi tsit, sannan kawuna suka fara gyaɗawa. Wani matashi ya zaro waya ya miƙa tana zagayawa hannu-hannu. Bidiyo ne daga Amurka, ga matan aure ga tsofaffi sun toshe kunnuwa, 'yan sanda na tsaye a bayansu suna koya musu harbi. Ya ce, "Ga shi can ma hukuma da kanta ke koyarwa."

Ni kaɗai na ce ban yarda ba. Baba ya juyo ya dube ni ya ce, "Sakatare, ranar da suka zo, littafin nan ne zai tare su?" A daren ban ba shi amsar da ta kwantar masa da rai ba, kuma tambayar ta bi ni har gida. Amsar ce nake so in shimfiɗa a nan, domin na san ba unguwarmu kaɗai ake wannan magana ba.

Duk wanda ya ji maganar Baba ya ce son fitina ce, bai san Jos ba. Wanda ya kai shekara talatin da biyar a garin nan zai iya faɗa maka inda yake tsaye ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, da rigimar da ta tashi a Kongo-Rasha ta ci kimanin mutum 1,000 cikin mako guda. Ya san Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. Ya san Janairun 2010 da rijiyoyin Kuru Karama da aka zuba gawawwaki a ciki, ya san Dogo Nahawa a watan Maris na wannan shekarar, inda aka afka wa mata da yara kafin gari ya waye. Musulmi na da ramin da aka zuba nasa, Kirista na da nasa. Kowa kuma yana da labarin lambar wayar da ya yi ta kira gida na ci da wuta ba a ɗauka ba. 'Yan sandan ƙasar nan ba su kai 400,000 ba, ga jama'a sama da miliyan 200, kuma da yawa daga cikinsu suna tsaye a ƙofar gidajen manya ko suna riƙe musu jaka a filin jirgi. Su kansu manyan sun sha cewa kowa tasa ta fisshe shi. Janar T.Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a watan Maris na 2018 cewa jama'a su tashi su kare kansu. Aminu Bello Masari yana gwamnan Katsina ya ce a nemi bindiga a 2021. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce duk mai so ya nemi lasisi. To mutumin da aka faɗa wa haka daga sama, ya kuma binne ƙaninsa da hannunsa, da wane baki za ka ce masa ya ci gaba da riƙe gora?

Duk da haka ina nan a kan bakana. Ina so a koya wa farar hula aikin tsaro, sosai ma kuwa, har na fi Baba so. Amma a cire darasin kunamar bindiga daga ciki, musamman a cikin garin Jos.

Mu fara da bidiyon nan, don rabin labari ya nuna. Wannan tsari na buɗe wa farar hula aji a ofishin 'yan sanda ya samo asali ne a Ingila, a yankin Devon da Cornwall a 1977, sannan birnin Orlando na Amurka ya ɗauka a 1985, daga nan ya bazu. Galibi yamma ɗaya ce a mako, har mako goma ko sha biyu. Ana nuna wa mutane yadda ake amsa kiran gaggawa, yadda ake binciken wurin da aka yi laifi, dokar kama mutum, iyakar ƙarfin da ɗan sanda zai yi amfani da shi. A wasu wuraren akwai ranar da ake kai su filin harbi, kuma ita ce ake ɗauka a bidiyo domin ita ke jan ido. Wanda ya gama takardar shaida ake ba shi da hoto, ya koma gida. Ba a ba shi bindiga, ba a ba shi kaki, ba a ƙara masa ikon kama kowa. An buɗe ajin ne don mutumin gari ya fahimci ɗan sanda, ɗan sanda kuma ya saba da fuskar mutumin gari. Mu kuwa wannan rana ɗaya ta filin harbi muka hango, muka bar sauran makonnin.

Sannan a Jos, wa zai zauna a ajin? Nan ne gizo ke saƙar. Tun 2001 garin nan ya rabu, kowa ya tattara ya koma cikin nasa. Mai keke ya san kwanar da zai ce wa fasinja "nan zan tsaya" idan dare ya yi. Idan ka ce matasan Rikkos ko Gangare ko Unguwar Rogo, kowa ya san masu wane addini kake nufi. Idan ka ce matasan Unguwar Rukuba ko Jenta ko Kabong, haka nan. Saboda haka duk horon da aka yi unguwa-unguwa, horon addini-addini ne, ko an yi niyya ko ba a yi ba. Ka ɗauka Baba ya fita da yaransa ashirin ranar Asabar. Kafin la'asar wani mai kiwon awaki ya hango su, kafin magariba hotonsu ya shiga WhatsApp da rubutu a ƙasa cewa ana shirin kawo hari. Mutanen tsallake ba za su aiko a tambaye mu niyyarmu ba. Su ma suna da tsohon sojansu, su ma suna da duwatsu a bayansu, su kuma arba'in za su fitar. Mu ma da mu ne muka ga hotonsu abin da za mu yi ke nan, kada mu yaudari kanmu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A ƙarshe unguwanni biyu sun ƙaru da hannaye sittin da suka iya harbi, tsoron da ke tsakaninsu ya ninka, ɓarawon da aka fara maganar dominsa kuma yana nan yana tsallaka katanga.

A dubi kashe-kashen da suka fi ƙona mana rai a shekarun nan. Ranar 14 ga Agusta 2021 aka tare matafiya a hanyar Rukuba, sun taso daga zikiri a Bauchi za su koma Ondo, aka kashe sama da 20. Bayan kwana goma aka shiga Yelwa Zangam da dare aka kashe sama da 30. A Yunin 2025 'yan ɗaurin aure daga Zariya suka ɓata hanya a Mangun cikin ƙaramar hukumar Mangu, fiye da goma ba su koma gida ba. Wata uku kafin nan, a Uromi ta jihar Edo, 'yan banga ne suka tare motar mafarauta masu komawa Kano yin sallah, suka ga bindigogin toka, aka yi ihun masu garkuwa da mutane, aka ƙone mutum 16. Ban ce 'yan sintiri ne suka aikata duka waɗannan ba. Abin da nake so a lura shi ne, a mafi yawansu mutane ne suka ga baƙo, zuciya ta ɗebe su, suka zama su ne 'yan sanda, su ne alƙali, su ne hauni, duk a cikin rabin sa'a. Cikinsu babu wanda ya rasa sanin yadda ake kisa. Abin da aka rasa a wurin shi ne mutum ɗaya da zai ce a dakata, a kuma ji maganarsa.

Na taɓa ganin irin wannan mutum da idona. Cikin damina ne, wajen ƙarfe biyu na dare, usur ya tashe ni. Na tarar yaranmu sun kama wani saurayi da bai wuce shekara goma sha bakwai ba, da batirin keke a cikin buhu. Sun ɗaure masa hannu ta baya da igiyar shanya, leɓensa ya fashe, takalminsa ƙafa ɗaya na cikin kwata. Har zuwa lokacin dukan ɓarawo ake yi masa, wanda shi ma ba daidai ba ne. Sai wani ya haska masa tocila a fuska ya ce, "Yaya sunanka?" Da ya faɗi sunan, na ji iskar wurin ta canza. Wani daga baya ya ce ai leƙen asiri aka turo shi. Wani ya ce an ga wasu uku sun gudu ta rafi, alhali babu wanda ya ga kowa. Ban san daga ina tsohuwar taya ta fito ba, sai dai na gan ta ana gangaro da ita, wani kuma na kiran a zuƙo fetur daga mashin.

Sai ga wata Hajiya maƙwabciyarmu, wadda ta yi shekaru tana aikin magatakarda a kotu kafin ta yi ritaya. Ta fito da hijabi a karkace da 'yar fitila a hannu, ta ratsa maza ta tsaya a kan yaron. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Cewa ta yi, "Wa ya kama shi? Kai ne? Ɗan gidan wa? Malam, buɗe littafinka ka rubuta sunansa. Rubuta ƙarfe nawa. Wa ya ga lokacin da ya ciro batirin? Matso ka faɗi sunanka. Kai mai taya, kai ma zo a rubuta naka." Wallahi ina fara rubutu taron ya soma zarewa ta baya. Mai taya ya jingine ta da bango ya sulale. Ta sa aka kwance igiyar, aka shigar da yaron zauren Mai unguwa aka kulle, aka ba shi ruwa, aka ajiye batirin cikin buhunsa ba wanda ya ƙara taɓawa. Ta ce a kira ofishin 'yan sanda, a kuma kira mai unguwar su yaron a shaida masa ɗansu na hannu kuma yana da rai. Sai bayan asuba motar 'yan sanda ta iso. Yaron kuwa da gaske ya saci batirin, ya amsa da bakinsa. Ɓarawon batiri ne, iyakarsa ke nan. Da mun ƙone shi, kafin azahar an sa dokar hana fita a Jos, kuma Allah kaɗai ya san fasinja nawa za a sauke daga mota a rama a kansu.

Tun daga ranar nake lissafa mintocin. Daga faɗin sunan yaron zuwa isowar Hajiya bai fi minti biyar ba. Gangaro taya da neman fetur da neman ashana su suka ba ta wannan rata. Da ɗaya daga cikin yaranmu na rataye da bindiga, ya kuma yi Asabar huɗu yana koyon saiti, gawa za ta tarar.

Baba zai ce ai horo shi ke hana irin haka, soja ba ya harbi sai da oda. Gaskiya ne, amma odar daga wa? Soja na da kwamanda, yana da lamba a ƙirji, ana ƙirga masa harsashi in zai fita, a ƙirga in ya dawo, akwai kotun soja a bayansa. Duk da wannan, a rikicin 2008 ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara shaidar mutum sama da 130 da jami'an tsaro suka harbe ba bisa ƙa'ida ba a cikin garin nan. Waɗannan masu horon watanni ke nan. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai da harsasai 178,459 na 'yan sanda ba a san inda suka shiga ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Idan hukuma mai ma'ajiyar makamai da rajista da mai gadi ta kasa riƙe nata, kwamitin unguwa da ke tara naira ɗari biyar-biyar ne zai riƙe?

Littafin da ke hannuna ma shaida ne. Yaran da suka yi mana sintiri shekara shida da suka wuce, kaɗan ne suka rage. Wasu sun tafi Abuja aikin gini, wasu Legas acaɓa, wasu sun yi aure sun bari. Biyu kuma, abin da ciwo, sara-suka ta janye su, yanzu su ake yi wa sintiri. Gorar da muka ba su mun karɓe, usur mun karɓe. Abin da aka zuba wa mutum a ka da hannu kuwa ba ya karɓuwa. Ga zaɓe na zuwa duk bayan shekara huɗu, kuma ɗan siyasa ya fi kowa sanin layin da ake samun yaran da suka iya abu.

Wasu sun riga mu bin wannan hanya. A Zamfara 'yan sa-kai sun fara ne da kare shanu da ƙauyuka daga ɓarayi, mutane na sa musu albarka. Sannu a hankali aka koma kama Bafulatani a kasuwa a yanka ba shari'a, waɗancan suka shiga daji suka sayi manyan makamai, ramuwa ta bi ramuwa. A Afrilun 2014 aka afka wa taron 'yan banga a 'Yar Galadima aka kashe sama da mutum 100. Gwamnatocin jihar sun haramta 'yan sa-kai ba sau ɗaya ba, amma aikin gama ya gama. Burkina Faso ta yi doka a 2020, horon mako biyu sai a miƙa wa ɗan sa-kai bindiga, ga shi ƙungiyoyin kare haƙƙi na ta kawo rahoton kisan Fulani a ƙauyuka. Sudan ta ɗaure wa Janjawid gindi a Darfur, ta mayar da su rundunar RSF a 2013, a Afrilun 2023 suka juya wa sojan ƙasar baki a tsakiyar Khartum. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Masu kawo misalin 'yan ƙato da gora na Maiduguri kuma su tuna sunan da kansa. A 2013 da gora da adda suka fito. Abin da ya kori Boko Haram daga cikin gari shi ne yaran sun san ɗan gidan wane ne ya shiga, sun san ɗakin da yake kwana, suka daina rufa masa asiri.

Akwai kuma doka, wadda ba a ambata ba sam a taronmu. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi irin su AK-47 sai da iznin shugaban ƙasa. Na farauta irin mai baki biyu lasisinsu na hannun Babban Sufeton 'Yan Sanda, shi kuwa ya sanar da dakatar da bayarwa a 2023. Bindigar toka ce kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba wa lasisi. To da wace bindiga Baba zai koyar? Duk wadda aka fito da ita bayan duwatsu, ranar da sojojin STF, rundunar musamman ta kwantar da tarzoma a Filato, suka yi kiciɓis da su, yaran nan ashirin 'yan ta'adda za a kira su a gaban kyamara, kuma babu ɗaya daga masu gyaɗa kai a ƙofar Mai unguwa da zai iya fito da su.

Abin da Hajiya ta yi a daren nan shi nake so a mayar darasi, a koya wa kowane ɗan sintiri, da mai unguwa, da shugaban 'yan keke, da shugabar mata. Yawancin yaranmu ba su san doka ta ba farar hula ikon kama mai laifi ba. Sashe na 20 na dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya ba su, sashe na 23 kuma ya ce a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba su san dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta dukan mutum don ya amsa laifi ba. Ba su san an hana kama uwa ko ƙane a madadin wanda ake nema ba, abin da su kansu 'yan sanda ke yi mana mu yi shiru. A koya musu rubuta abin da ya faru da lokacinsa da sunan shaidu, domin sau nawa aka kai ɓarawo caji ofis ya rigaye masu kai shi dawowa, saboda ba wanda ya yarda ya je kotu ya tsaya? A koya musu kada a tattake wurin da aka yi kisa, kada a wanke jini, kada kowa ya ɗauki wuƙar ya jujjuya. A koya musu tsayar da jini. Wannan na fi so a tsaya a kai, domin a kowane rikici na ga mutanen da harsashi bai kashe nan take ba, jini ne ya ƙare musu a bayan a-kori-kura ana neman hanyar asibiti. Danna tsumma mai tsabta a kan rauni, ɗaure cinya ko dantse sama da inda jini ke tsartuwa, kwantar da wanda ya suma ta gefe, duk abin da ake koya cikin yini ɗaya ne. A kuma sanar da su akwai dokar 2017 da ta wajabta wa kowane asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Sai darasin jita-jita: idan saƙo ya shigo cewa an fara a Farin Gada ko a Taminus, wa za ka kira a can ya leƙa ya gaya maka gaskiya kafin ka tura wa mutum ɗari?

Wurin koyarwa bai gagare mu ba. Kwalejin manyan jami'an 'yan sanda tana nan Jos. Cibiyar horon da ke duwatsun Shere, inda 'yan Man O' War ke zuwa, tana nan. Muna da 'yan agajin Jama'atu da na Izala da na Fityanu, coci-coci na da Boys' Brigade, dukansu sun saba da fareti da ɗa'a da tsare taro. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a yana nan tun 1984. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma, har gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 13.3 a shekarar aka ɗauki kuratan 'yan sandan sa-kai, daga baya aka riƙa jin su a jihohi suna kukan ba a biyan su. Wannan kuskure kada a maimaita shi, don wanda ka ba kaki ka bar shi da yunwa, a kan talaka zai ci abinci.

Sharaɗina ɗaya ne, kuma ba na sassautawa a kansa: ajin ya zama gauraye. Ɗan Rikkos da ɗan Unguwar Rukuba a benci guda, wannan ya ɗaure wa wancan bandeji, su ci abincin rana tare, su rabu da lambar wayar juna. Ranar da gari ya ɗauki zafi, wannan lambar ta fi duk wani abin da za a rataya a kafaɗa amfani. Kuma a yi shi a fili, a harabar hukuma, da rana tsaka, kowa na gani.

Na san mutumin ƙauye zai ce wannan maganar 'yan birni ce, kuma yana da gaskiyarsa. Wanda ke Bokkos ko Barikin Ladi ko Mangu, inda aka kashe sama da mutum 150 a jajibirin Kirsimetin 2023, ko wanda ke Bassa da Riyom da Wase, ko makiyayin da aka ƙone wa ruga aka harbe masa shanu, tsakaninsa da ofishin 'yan sanda tafiyar sa'a guda ce a kan hanyar da mota ba ta so. Ba zan ce masa ya tari mahara da littafi ba. Can akwai mafarauta da bindigoginsu tun kaka da kakanni, babu wanda zai koya musu harbi. A wurinsu na yarda da ɗaukar makami, amma a ƙarƙashin doka: sunan kowa a rajista, kowace bindiga da lamba da lasisi, harsashi a ƙirge, albashi duk wata, da kwamanda mai suna da ofis wanda za a iya kai ƙara kotu idan yaransa suka yi ɓarna. Katsina ta kama wannan hanya da rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta biyo da Askarawa a 2024. Mu a Filato muna da rundunar tsaro ta jiha, Operation Rainbow, tun zamanin Jonah Jang a 2010. Har yau akwai al'ummomin da ke kallonta a matsayin ta ɓangare ɗaya, kuma ko zargin gaskiya ne ko ba gaskiya ba, wajen ɗaukar ma'aikata ake wanke shi: a ga Birom da Bafulatani da Irigwe da Bahaushe da Mwaghavul cikin mota ɗaya. Dattawanmu sun ga zamanin 'yan dokar En'e, sun san unguwa lungu-lungu, amma da aka mayar da su sandar dukan 'yan adawa irin su NEPU, bayan juyin mulkin 1966 sai aka narkar da su cikin 'yan sandan tarayya. Masu neman 'yan sandan jiha a yau su riƙe wannan tarihi a hannun dama.

A taron watan da ya biyo baya na karanta wa kwamiti kusan duk abin da na rubuta a nan. Baba ya saurara har ƙarshe, haɓa a kan sandarsa. Bai ce na gamsar da shi ba. Cewa ya yi har yanzu yana ganin ranar da za mu tuna maganarsa, ni kuma na ce ina roƙon Allah kada ya kawo ta. Amma ya karɓi wani aikin: duk Asabar da safe yana tara yaran a filin makarantar firamare, yana koya musu fita bibbiyu, canjin masu gadi, alamar usur ta ɓarawo da ta gobara da ta neman ɗauki, da yadda ake tsayar da mutum a yi masa tambaya ba tare da an taɓa shi ba. Hajiya ta ɗauki darasin rubutu da na doka. Mun kuma rubuta wasiƙa zuwa ga DPO muna neman a buɗe mana aji na haɗin gwiwa da unguwar tsallaken rafi. Wasiƙar na cikin littafina, saura sa hannun shugaban 'yan sintirinsu. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu za mu haye gada mu kai masa, ni da Baba. Ya ce shi zai shiga gaba, don sun zauna bariki ɗaya da yayan mutumin a Rukuba.